Ganyen Shayi Da Ire-Irensa: Abin Da Sukari Ya Ɓoye Mana

Jawabin da aka gabatar a wurin taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 

Mai girma Shugaban wannan taro, Shugaban Ƙungiya da 'yan kwamitinsa, Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai waɗanda suka yi ɗawainiya da mu, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuwa, cikin malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu da rahama. 'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro iyali lafiya.

Bayan haka, kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wani abu wanda ba siyasa ba, ba kuma roƙon gudummawa ba, tun da yake Ma'aji zai yi nasa da zarar na zauna. Sai na zaɓi shayi. Na ga wasu suna murmushi, to, a yi haƙuri a saurara, akwai dalili. Yawancinmu a cikin wannan zaure mun ba hamsin baya, kuma da za a ce duk wanda likita ya yi wa kashedi a kan sukari ya ɗaga hannu, da an ga hannuwa ba kaɗan ba. Abin da nake yawan ji daga bakin irin waɗannan 'yan'uwa shi ne, tun da an hana su sukari da madarar gwangwani, to, su da shayi sai labari. Wasu kuwa ba su daina ba, a ɓoye suke sha, kada uwargida ta gani. Ni kuwa abin da nake so in nuna a yau shi ne, yawancinmu mun yi shekara arba'in muna shan sukari da madara a cikin ruwan zafi mai launi, amma ɗanɗanon ganyen shayi shi kansa ba mu taɓa saninsa ba. Wanda ya san shi, hana shi sukari ba zai raba shi da butarsa ba.

Bari mu fara da sunan. Kalmar shayi daga Larabci muka samo ta, Larabawa suka samo daga Farisa, su kuma daga ƙasar Sin, inda ake cewa "cha". Mutanen bakin teku na lardin Fujiyan a can ƙasar Sin su "te" suke cewa, kuma daga wurinsu ne fataken Holan suka kai sunan Turai. Saboda haka idan yaro ya ce a ba shi ti, dattijo ya ce a ba shi shayi, abu guda suke nufi da kalma guda, sai dai ɗaya ta biyo jirgin ruwa, ɗaya ta biyo ayari.

Wani abin da zai ba wasu mamaki shi ne, duk shayin duniya, baƙi da kore da sauransu, daga itace iri ɗaya yake fitowa, wanda masana tsirrai suke kira Camellia sinensis. Yana da manyan rassa biyu: na ƙasar Sin mai ƙananan ganye, mai jure sanyi, da na Assam a arewa maso gabashin Indiya, mai faffaɗan ganye, mai son zafi da danshi. In an ƙyale shi zai zama bishiya, amma a gona sai a riƙa datse shi daidai ƙugun mutum domin a ji daɗin tsinka. Ba kuma kowane ganye ake tsinka ba, sai tohon da ke can sama da ganye biyu da ke biye da shi. Ana bukatar ɗanyen ganye fiye da kilo 4 kafin a sami kilo 1 na busasshe. Zoɓo da na'ana'a da zogale da citta, duk da muna dafa su mu kira su shayi, kuma suna da nasu amfanin, ba su cikin wannan dangi.

To, in itacen ɗaya ne, ina bambancin yake? Allah ya gafarta Malam, malaminmu na Kimiyya, a nan darasinka ya yi rana. Kowa ya san idan aka fasa farin goro aka ajiye, ba a jimawa sai wurin fashin ya yi ja, ya yi duhu, domin iskar oksijin ta haɗu da sinadaran da ke cikinsa. Haka ganyen shayi yake. Idan aka tsinko shi aka bar shi ya yi yaushi, aka murza shi har ruwansa ya fito, aka shimfiɗa shi iska ta ratsa shi sosai kafin a busar, sai ya koma baƙi. Wannan shi ne baƙin shayi da muka saba da shi, ko da yake mutanen Sin jan shayi suke kiransa, don su launin ruwan suke dubawa. Idan kuwa ana tsinkowa aka yi maza aka ba shi zafi, ko a gasa shi a kasko kamar yadda ake yi a Sin, ko a turara shi kamar yadda ake yi a Japan, to, an kashe wancan aiki na iska tun bai fara ba, ganye ya tsaya da korensa. Shi ne koren shayi. Wanda aka tsayar a tsakiya, bai kai baƙi ba ya wuce kore, shi ake kira ulong. Iyakar sirrin ke nan, sauran duk ƙwarewar hannu ce, da irin ƙasa, da tsawon dutsen da aka shuka shi.

Mutanen Sin sun daɗe a kan wannan sana'a, har wani malaminsu mai suna Lu Yu ya rubuta littafi sukutum a kan shayi tun wajen shekara ta 760. Turawan Ingila sun daɗe suna saye a hannunsu, kuɗinsu na ta zurarewa can, sai suka ga gara su noma nasu a ƙasashen da suka mallaka. A 1823 wani Bature mai suna Robert Bruce ya tarar mutanen Singpho na Assam suna da nasu itacen shayi tun kaka da kakanni. A 1848 kuma Kamfanin Gabashin Indiya ya aika Robert Fortune ƙasar Sin, ya yi shigar mutanen ƙasar, ya kwaso iri da tsirrai a asirce, ya kuma ɗebo ƙwararrun ma'aikata zuwa Indiya. A tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Siri Lanka, James Taylor ya fara gonar shayi a 1867, ba da jimawa ba cuta ta cinye musu gonakin gahawa, sai kowa ya koma shayi. A can ne Thomas Lipton ya sayi gonaki a 1890, wanda sunansa ya zame mana sunan kowane shayi mai zare, ko wane kamfani ne ya yi shi. A Kenya an fara shukawa a Limuru a 1903, yau ga shi ita ce ta uku a duniya wajen noma, bayan Sin da Indiya, kuma babu ƙasar da ta kai ta fitar da baƙin shayi zuwa waje.

Kowanne daga cikin waɗannan da irin ɗanɗanonsa. Na Assam yana da kauri da ƙarfi, ruwansa ja wur, shi ne yake ɗaukar madara ba tare da ya ɓace a cikinta ba. Na Silon, musamman na kan duwatsu, ya fi shi sauƙi da ƙamshi, yana tafiya da ɗan yankin lemon tsami. Na Kenya yana da launi mai haske da ɗan bauri mai farkar da mutum. Amma wanda nake roƙon kowa ya ɗanɗana ko da sau ɗaya a rayuwarsa shi ne na Darjeeling, wanda ake nomawa a gindin duwatsun Himalaya. Tsinkar farko, ta watan Maris da Afrilu, ruwanta fatsi-fatsi ne, ƙamshinta kamar na fure; tsinka ta biyu, ta Mayu da Yuni, ta fi nuna, tana da ɗanɗano mai kama da na inabi. Zuba wa wannan madarar gwangwani daidai yake da a yi wa mutum ɗinkin shadda mai tsada ya ɗora tsohon bargo a kai. Saboda yawan masu sayar da jabu da sunansa, a 2004 Indiya ta yi masa rajista, ba a yarda a kira wani shayi Darjeeling ba sai wanda ya fito daga can.

Yanzu sai mu zo kan abin da ke cikin ɗan ƙunshin nan mai zare. A farkon shekarun 1930 wani mai suna William McKercher ya ƙirƙiro inji a Assam wanda yake murƙushe ganye, ya yayyaga shi, ya dunƙule shi ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar gero. Bayan an busar sai a tankaɗe, a ware manya daban, matsakaita daban, gari daban. Mafi yawan abin da ake ɗurawa a ƙunshi mai zare daga ƙananan nan ne da garin. Ba ina cewa jabu ba ne, shayi ne na gaskiya, kuma yana da ranarsa, domin matafiyi da ma'aikacin ofis ba su da lokacin jira. Sai dai gari yana sakin launi da bauri nan take, ƙamshinsa kuwa ya riga ya tashi tun yana cikin kwali, don haka dole a nemi sukari a rufe baurin. Cikakken ganye shi a hankali yake buɗewa cikin ruwa, ƙamshi ya fara fitowa, bauri ya biyo daga baya, mai dafawa yana da damar tsayar da shi inda yake so. Duk wanda ya zauna a ɗakin cin abinci na makarantar kwana ya san wancan shayi na cikin babbar tukunya, wanda ake hango gindin kofi ta cikinsa. Ba mu raina ba, shi ya raine mu, amma daga nan ne da yawa muka ɗauka cewa daɗin shayi a sukari yake.

Malaminmu na Labarin Ƙasa ya koya mana Tsaunin Mambila, mun zana shi a taswira, mun ci jarrabawa, amma mu nawa ne muka taɓa shan shayinsa? A can Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, a tudun da ya kai kimanin mita 1,500, akwai sanyi da ruwan sama da irin ƙasar da itacen nan yake so, abin da ba za a samu a Kano ko Katsina ba. Tun cikin shekarun 1970 aka kawo iri daga Kenya, aka kafa gona da masana'anta a Kakara, kusa da Gembu, inda ake yin shayin Highland. Cibiyar binciken koko ta ƙasa ma tana da reshe a Kusuku inda ake nazarin shayi. In aka tsallaka iyaka zuwa Kamaru, a Ndu, nan ma gonakin shayi ne. Duk da haka mafi yawan ganyen da muke sha a ƙasar nan daga waje ake shigo da shi. A cikinmu akwai 'yan kasuwa, akwai manyan ma'aikatan gwamnati, akwai masu otal da masu kantuna. Ba zan ce na Mambila ya fi na Darjeeling ba, don ban zo in yi muku daɗin baki ba, amma baƙin shayi ne mai kyau, ɗan'uwan na Kenya, kuma bai sha doguwar tafiya a teku ba. Ya kamata a ce ana samunsa a teburin kowane mai shayi a Arewa.

Koren shayi kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu, sai dai ba mu san shi da wannan suna ba. Shi ne abin da ke cikin 'yar butar nan da ake ɗorawa a kan gawayi, wanda muke kira shayin Buzaye. Daga ƙasar Sin ake kawo shi, ya bi ta Maroko da Sahara ya zama abin sha na Abzinawa da Larabawan hamada, daga nan ya shigo Agadas da Damagaram da Yamai, inda matasa suke zaman fada a kansa, har zuwa zangon Kumasi da Nima a Gana, inda ake ce masa ataya. Iri biyu aka fi kawowa. Akwai wanda aka naɗe ganyensa dunƙule-dunƙule kamar harsashin bindigar toka, akwai kuma mai siririn ganye a lanƙwashe, wanda ake kira chunmee, watau gira mai daraja, don yana kama da girar ido. In kun duba jikin kwalin za ku ga lamba kamar 3505 ko 41022, to, lambar irin ganyen ce da darajarsa.

Yadda ake dafa shi kowa ya sani: a cika ganye, a tafasa shi ya daɗe a wuta, a zuba sukari da yawa, a yi ta ɗaga buta ana tsiyayawa daga sama har kumfa ta tashi, a sha zagaye uku a ƙananan kofuna na gilashi, na farko mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi. Ina girmama wannan al'ada ƙwarai, domin abin da ake nema a cikinta shi ne zama da hira, kuma wanda aka miƙa wa kofin farko ya san an karrama shi. Amma mai ciwon sukari ya sani cewa wannan ɗaci da ake kashewa da sukari tafasawa ce ta jawo shi. A ɗauki ganyen nan dai na cikin kwalin, ƙaramin cokali guda, a zuba masa ruwan da zafinsa bai wuce digiri 80 ba, a bar shi minti 2 kacal, a tace. Ruwan zai fito ɗorawa-ɗorawa, ba ɗaci, har da wani ɗan garɗi da yake biyowa a maƙogwaro. A sake zuba wa ganyen ruwa sau biyu, kowane karo da nasa ɗanɗanon. Ba sai an sayi ma'aunin zafi ba: kofi 3 na tafasasshen ruwa, a ƙara kofi 1 na ruwan da bai hau wuta ba, an sami kusan digiri 80. Ga shi kuma shi ne ganye mafi sauƙin samu a kasuwanninmu.

Sauran ire-iren sai masu tafiye-tafiye. Ulong na Fujiyan da Taiwan, wani yana ƙamshin fure, wani na gasasshiyar gyaɗa, kuma ganye ɗaya yana iya ɗaukar ruwa sau biyar ko fiye. Farin shayi toho ne da aka bari ya yi yaushi ya bushe ba tare da murza ba, ɗanɗanonsa ba shi da ƙarfi, wanda ya saba da shayin tasha zai ce ruwa aka ba shi. Puwar na lardin Yunan ana danne shi kamar ƙosai mai faɗi, a ajiye shekaru, ƙamshinsa kamar na ƙasa bayan ruwan farko, ko dai mutum ya so shi ko ya ƙi shi. Na Japan da aka turara yana da ɗanɗanon ɗanyen ganye. Akwai kuma waɗanda aka sa wa ƙamshi, kamar na furen yasmin, da Earl Grey mai man ɓawon wani irin lemo. Mu ma muna da namu kayan ƙamshin, citta da kanumfari da kirfa da masoro da na'ana'a, kuma ga wanda yake yaye kansa daga sukari, ɗan guntun kirfa a cikin baƙin shayi yana taimakawa ƙwarai, domin yana ba harshe alamar zaƙi. Sai dai a sa kaɗan, kada kayan ƙamshi su yi abin da sukari ya yi.

Game da dafa baƙin shayi, abu uku ne: ruwa, da awo, da lokaci. Ruwan rijiyar burtsatse mai yawan gishirin ƙasa yana dushe launi, ya bar wani yanayi a saman kofi, don haka in ana da ruwa mai daɗi a yi da shi. A ɗauraye buta da ruwan zafi tukuna. A sa ganye gram 2 zuwa 3 ga kowane kofi, watau ƙaramin cokali a cike, a zuba ruwa yana tafasa, a sauke daga wuta, a rufe, a jira minti 3 zuwa 5, sa'an nan a tace duka, kada a bar ganye kwance a ciki. In ana son ya ƙara ƙarfi, ganye ake ƙarawa, domin ƙarin lokaci bauri kawai yake ƙarawa. Da wannan awo, ganye gram 100 zai ba da kofi wajen 40, saboda haka mai cewa ya yi tsada ya fara yin lissafi. Wajen saye kuma a buɗe a duba, a shinshina: ganye ya zama girmansa ɗaya, ba itatuwa, ba warin rima. A saya kaɗan-kaɗan, a zuba a gwangwani mai murfi. Ina roƙon iyayenmu mata da ke nan, kada a ajiye shi kusa da daddawa ko turaren wuta, don ganyen shayi yana zuƙar duk warin da ke maƙwabtaka da shi.

Bari in koma kan sukari da lissafi, tun da malaminmu na Lissafi yana zaune. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum yake ci a yini, watau kimanin gram 50 ga baligi, ƙaramin cokali 12, ta kuma ce in an rage zuwa rabin haka ya fi. Mai shan kofi 3 a yini, kowanne da cokali 3, ya sha cokali 9 ke nan, ba a lissafa madara mai zaƙi ba, balle lemon kwalba. Ba na ce a daina yau-yau ba, harshe ba ya son gaggawa. A rage rabin cokali duk mako, a kuma gyara ganye da dahuwa a lokaci guda.

Amma kada wani ya fita daga nan ya ce na ce shayi magani ne. Masu tallar koren shayi a kan yana narkar da tumbi ko yana warkar da ciwon sukari, ciniki suke yi. Wanda likita ya ɗora a kan magani ya ci gaba da shan abinsa. Shayi yana da sinadarin kafin mai hana barci, ko da yake bai kai na gahawa ba, don haka mai fama da rashin barci ya tsaya daga La'asar, mai juna biyu kuma ta taƙaita. Yana kuma rage yadda jiki yake ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganye, saboda haka mai ƙarancin jini ya ba da tazarar kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Sai kuma masu kurɓa yana ƙona baki: a 2016 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji na maƙoshi. A bari ya ɗan huce.

Ranka ya daɗe Shugaban taro, na ga Sakatare yana duban agogo. A bayan zauren nan an ajiye butoci uku: ɗaya baƙin shayi na Mambila, ɗaya koren nan na kasuwa da aka yi da ruwa mai digiri 80, ɗaya kuma na Silon da ɗan kirfa. Iyayenmu malamai za su fara, sa'an nan mu bi aji-aji kamar yadda muka saba. Sukari yana nan a gefe ga mai bukata, roƙona kawai a yi kurɓi biyu kafin a kai hannu gare shi.